Ranar da Gwaggo ta je ofishin shige da fice

A shekarun farin nan, lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa, ɗan baffana ya maƙale a ƙauyenmu da ke arewacin Ɗanbatta. A Sudan aka haife shi. Mahaifinsa, yayan babana, ya tafi aikin hajji a ƙasa tun yana saurayi, ya yada zango a can, ya yi aure, har ya rasu bai dawo ba. Shi ne ɗan, wanda yake yaya a wurina, ya zo ganin dangi, da niyyar yin wata guda.

Zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin ya miƙe izinin zamansa ya ƙare, aka ce ba zai hau jirgi ba sai da takardar izinin fita. Da yake ni ne malamin firamare a gidan, ni aka ɗora wa rakiyarsa ofishin shige da fice na Kano.

Zuwanmu na farko aka karɓi takardunsa aka ce mu dawo. Muka dawo, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. A zuwa na gaba wani jami'i mai furfura ya duba fasfon, ya dubi mai shi, ya yi masa tambaya da Hausa. Yayan nawa ya amsa da Hausarsa mai gauraye da Larabci.

"Kai Bahaushe ne," in ji jami'in. "Danginka na Ɗanbatta, bakinka na nan. Ina na san ba fasfon wani ka samo don ka gudu daga yunwa ba? Mun ga irin haka."

Ya ce ba zai sa hannu ba.

Muka shiga motar komawa. Da muka wuce Bacirawa yayan nawa ya ce, "Ƙanena, a can ce mini suke ɗan Najeriya. Yau na zo nan an yarda da su, amma a ranar da ba na so." Ya yi dariya, ni kuwa na kasa.

Bai zauna jiran takarda hannu rabbana ba. Damina ta zo da ruwa kaɗan, ya ɗauki fartanya ya bi mu gona. Geron ya yi tsayin gwiwa ya tsaya. Rumbunmu ya kusa komawa fanko, har aka koma tuwo sau ɗaya a yini, ga shi kunya ta hana shi cin rabonsa duka. In ya tuna matarsa da 'ya'yansa sai ya koma gindin kuka ya zauna shi kaɗai.

Mai kula da shi ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa ce da idonta ya fara rauni. Tun ranar da ya iso ta shafa fuskarsa ta ce goshin yayanta ne, ba ta ƙara yarda ya ci abinci a wani ɗaki ba sai nata. Kowa ya san jinkirin nan bai ɓata mata rai ba. Har cewa take, "In sun hana ka, ga gonar ubanka nan, ba wanda ya taɓa ta."

Dagaci ya ba mu takardar shaida, amma ya ce mu nemi wanda ya ga tafiyar mahaifin da idonsa. A duk ƙauyen Gwaggo kaɗai ta rage. Na rasa ta inda zan fara mata maganar. Ashe ta ji. Da safe na tarar da ita ta yafa mayafinta na unguwa, tana zaune a zaure da sandarta.

"Ɗana, motar Kano ba ta jira," ta ce.

Rabonta da birni tun tana amarya. Na riƙe hannunta muka hau matakalar ofishin a hankali. Jami'in nan ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

"Inna, me kika sani game da mutumin nan?"

Ta ba shi labari tiryan-tiryan: yadda yayanta ya fita bayan an gama girbin gyaɗa, da jaki da salkar ruwa, yadda ta bi shi har bakin rafi tana kuka, ya juyo ya ce ta koma, zai kawo mata zobe. Ta ce tun daga ranar ba ta sake ganinsa ba, kuma wannan yaron ba ta taɓa jin muryarsa ba sai bana.

Jami'in ya ce, "To Inna, ke kina so ya tafi?"

"Ba na so," ta ce. "Amma na san zaman jiran wanda ya tafi. Ba zan so wa 'ya'yansa shi ba."

Ya sa aka kawo mata ruwa. Ya sake buɗe fasfon, ya yi wa yayan nawa 'yan tambayoyi a kan garin haihuwarsa, ya karanta takardar dagaci, ya ce mu ba shi mako guda ya tuntuɓi na sama da shi. Ya cika alkawari. Da na koma, hatimin na kan takardar.

Ranar tafiya mutanen ƙauye suka rako shi har bakin titi, kowa da ɗan abin da ya samu, wannan daddawa, wancan garin kuka, a shekarar da ba kowa ke da na miya ba. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta lissafa masa sunayen kakanninsa ta sa ya maimaita har ya riƙe, ta ce ya koya wa yaransa.

Na raka shi filin jirgi. Kafin ya shiga ya kama kafaɗata ya ce in Allah ya kawo shekarar ƙoshi zai turo babban ɗansa ya yi damina tare da mu. Na ce ɗakin na nan. Na tsaya har jirgin ya tashi, sannan na nemi motar Ɗanbatta, don washegari akwai makaranta.