Naman Kaza

A Anacha aka haife mu, tun kafin a yi gada, lokacin da albasar Baba ke tsallaka Kwara a jirgin ruwa. Kakarmu Iya ta biyo shi daga Kano, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa garin ruwan samansa ba. Komai sai ya yi fumfuna, in ji ta, takalmi, tabarma, har mutum in ya cika zama wuri ɗaya. Da damina a madafa muke hira bayan magariba, ita tana gasa ƙafafunta a bakin murhu, mu muna gasa masara. Iya akwai jan aji. Tatsuniya sai mun roƙa kamar za mu yi kuka.

Rana ɗaya ce ba mu roƙa ba. Da hantsi ƙanena Habu, wanda bai daɗe da iya magana ba, ya ga wasu fararen abubuwa sun tsiro a jikin ruɓaɓɓen kututture a bayan gida. Ya tambayi Inna mene ne. Tana wanki, ta leƙa ta ce, "Naman kaza ne." Ba ƙarya ta yi ba, haka Bahaushe ke kiransa. Yaro kuwa nama ya ji, kaza ya ji, sai ya tsinka ya ci. Kafin la'asar ya soma amai, jikinsa ya saki.

Mama Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da naman kaza a kasuwa, ta dubi ragowar, ta ɗora hannu a ka. "No be dis one we dey chop o! Malam, carry am go hospital!" Wato ba irin wanda ake ci ba ne, a kai yaron asibiti. Baba ya saɓa shi a kafaɗa, Inna ta bi shi da mayafi a hannu.

Aka bar mu da Iya. Masara ta ƙone ba wanda ya juya ta. Tsoro ya cika ni.

"Ku matso," in ji ta. "Ga wata nan, ko ba ku amsa ba."

Wai da can Zaki da Kuka suka zauna raba halitta. Mai tafiya na Zaki, mai ganye na Kuka. Kowa ya sami gida, sai wani ɗan fari mai laima a ka. Ya je gaban Zaki ya faɗi, ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana nama." Zaki ya ce to, taka mu gani. Ya kasa. Ya koma wa Kuka, ta ce ina ganyenka, ina 'ya'yanka? Babu. Fadawa suka yi masa dariya, aka kore shi nan, aka kore shi can.

Iya ta tsaya, ta kasa kunne waje. Keke ne ya wuce. Ta gyara itace.

"Sai ya tafi inda ba mai so, ya zauna a kan mataccen ice. Ya ce, tunda ba wanda ya tsaya ya san ni, zan haifi 'ya'ya masu kama da juna. Wani ya daɗaɗa miya, wani kuwa…"

Ta haɗiye sauran. Yayata Ladi ta ce, "Iya, wanne Habu ya ci?"

"Ke, rufe mini baki! Ku yi masa addu'a."

Muna cikin haka muka ji sallamar Baba. Ya shigo shi da liman, Inna a bayansu, kafaɗarsa ba kowa. Iya ta ce, "Inna lillahi," ta ja mu duka cikin zanenta. Tatsuniyar nan ba ta taɓa ƙarasa ta ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na girma na zama malamin kimiyya. A kwaleji na ji cewa masana ma sun daɗe suna cusa wannan halitta cikin tsirrai, kafin su haƙura su ba ta masarautarta, ita da fumfuna da yis ɗin burodi. Suka ware wa ƙananan halittun da ido ba ya gani nasu gidajen. Bairos mai sa cuta kuwa har yau a bakin ƙofa yake, ana gardamar ko mai rai ne. Na zauna a ajin nan ina jin haushi: ashe tsohuwar da ba ta san boko ba ta ga matsalar, sai dai ba ta da inda za ta ajiye naman kaza.

Ɗalibaina suna ɗaukar darasin abin haddacewa don jarrabawa, har su yi ta hamma. Nakan yi musu faɗa fiye da kima, su kuma su ce Malam ya cika zafi a kan suna. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Inna ta rayu har tsufa tana maimaita amsar da ta bayar a bakin bahon wanki, tana neman wata kalmar da ya kamata ta faɗa. Da ta same ta a ranar, da yanzu Habu yana da jikoki.