Na Buga Ƙarfen Coci Ranar Talata

Ladi, yau na tayar da unguwarmu tsaye!

Malama Rifkatu ta sa ni in tara 'yan sa-kai a coci, mu bi gidaje muna roƙo a sa 'yan mata makaranta kamar maza. Ba wanda ya zo. Na zauna ni kaɗai ina kallon tururuwa a ƙafar benci. Da shirun ya ishe ni, sai na buga ƙarfen layin dogon da ake kiran sujada da shi. Ashe in ba Lahadi ba, gobara yake nufi! Mata suka sheƙo da bokitai.

Maman Bulus ta ce, "Ina wutar?"

Na yi musu bayani. Suka watse suna tsaki. Maman Bulus kaɗai ta sauke bokitinta.

"Mu je, 'yata. Fara da gidana, ina da 'yan mata uku."