Ranar da Teku Bai Zo Aiki Ba

Akwai wata Juma'a da har yau ban manta da ita ba, a shekarata ta biyu a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke Wuse. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku saurara.

Kun riga kun ga yadda aikin yake: tikitin Umara, tikitin masu zuwa asibiti Masar, 'yan kasuwa masu sauya ranar tafiya sau uku kafin azahar. Nakan baro Karmo da sassafe, in bi layin mota, in iso ofis na riga na gaji. Shi ya sa na ji daɗi ranar da Madam, shugabarmu, ta miƙo min wani fayil. "Wannan Alhaji tana son bakin teku," in ji ta da Hausarta ta Abuja. "Ki yi mata da kyau."

Alhaji Sada mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Da ƙyar aka sa masa hannu a hutun kwana biyu, ya haɗa da Asabar da Lahadi. Ya zauna gabana, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce matarsa, Hajiya Rabi, ke fama da ciwon ido, irin wanda likita ya ce ba ya komawa baya. Da rana tana gani dishi-dishi, da yamma ta yi kuwa shi ke nan. Ba ta taɓa ganin teku ba, kuma tana so ta gani kafin sauran hasken ya tafi.

"'Yata, ba yawo za mu ba. Ɗaki nake so wanda za ta buɗe taga ta ga ruwa."

Na bi tsari yadda aka koya min. Na duba fasfo ko da sauran wata shida, na duba katin rigakafin shawara, na yi biza da tikiti da motar da za ta ɗauko su. Otal kuwa na zaɓa a gabashin tsibirin Zanzibar, saboda wani hoto: ruwa shuɗi har gindin baranda. Na daɗe ina kallon hoton nan, har kwamfuta ta yi duhu na sake taɓa ta. Ni ma a lokacin babban ruwan da na sani shi ne kogin da ake ƙetarawa a hanyar Lakwaja.

Suka tashi ranar Alhamis. Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya, ɗaya kenan a can, kiran bidiyo ya shigo wayata. Ko sallama Alhaji bai ƙarasa ba.

"'Yata, ina tekun?"

Ya juya min wayar. Ga barandar, na gane ta. Amma gabanta fili ne fetal, jiƙaƙƙen yashi iya ganinka, kwale-kwale kwance a kan haƙarƙari, wasu mata can nesa sun sunkuya suna tsintar ciyawa.

"Kin kawo mu da rani," in ji shi. "Ni Bakatsine ne, na san gulbi in ya ƙafe. Me ya hana ki ce mu jira damina?"

Wallahi ni ma abin da na ɗauka kenan. A wajenmu ruwa in ya janye, sai baɗi. Na ce, "Baba, ka ba ni minti goma."

Na je na faɗa wa Madam. Ta zame tabarau zuwa kan hanci ta dube ni. "Ba ki tambayi lokacin ruwa ba?" Ban ma san ruwa yana da lokaci ba. Na kira otal ɗin. Mutumin da ya ɗauka ya yi dariya irin ta wanda ya gaji da tambaya ɗaya. Ya ce a gaɓar nan teku yana janyewa ya dawo sau biyu kullum, kuma yau sai dab da magariba zai taɓa baranda. Magariba, lokacin da idon Hajiya ke rufewa. Ya turo min jadawali cike da lambobi.

Na kira Alhaji. Na lalubi kalmar da zan faɗa masa da Hausa, ban samu ba.

"Baba, bai ƙafe ba. Fita ya yi, zai dawo."

"Fita? Masallacin Juma'a ya tafi? Ko shi ma ma'aikacin gwamnati ne, ya ajiye jaka a kujera ya sulale?"

Daga bayansa na ji muryar Hajiya, a sanyaye. "Alhaji, ƙyale yarinyar nan. Abin da ba a rubuta min ba, ba zan gani ba. Mu koma gida kawai."

Ya ce in sauya musu tikiti zuwa gobe da safe. Kun san sauya tikiti minti biyar ne, kuma shi ne abin da mai tafiya ya nema. Da na yi, ba wanda zai tuhume ni. Sai dai motar filin jirgi za ta ɗauke su tun da duhu, Hajiya ba ta ga teku ba.

Na ɗauki biro na zauna da jadawalin nan, na mayar da lambobin zuwa lokutan da Alhaji ba zai yi musu da su ba. Na rubuta masa: gobe Asabar, ruwa zai fara matsowa tun kafin asuba, ya cika da fitowar rana, ya tsaya har hantsi. In an idar da salla kada a koma barci. A sa wa Hajiya kujera a baranda.

Sai ga kiransa. "In bai zo ba fa?"

"Zai zo, Baba, in sha Allah. An ce bai taɓa fashi ba."

Na ba da shaida a kan abin da na sani minti ashirin da suka wuce. Ya ce, "To. Za mu jira, amma gobe kawai."

Ranar Asabar muna yin aikin rabin wuni. Ina cikin mota, matse tsakanin wata mai buhun barkono da ƙofar da ba ta rufuwa sosai, na ga saƙon murya. Na kara a kunne. Da farko ba kowa, sai wani sauti mai zuwa yana komawa, kamar ana sheƙe gero a faifai. Can sai muryar Hajiya.

"'Yata, ya zo. Na duba, na duba, ban ga ƙarshensa ba. Na ɗauka idona ne. Sai Alhaji ya ce shi ma bai gani ba."

Na sauka a tashar da ba tawa ba, na ƙarasa da ƙafa.

Aikin nan namu sayar da wuraren da ba mu taɓa takawa ba ne, ga mutanen da suka yarda da mu don sun gan mu a bayan tebur. Takardu za su iya cika tsaf, tafiyar ta lalace. Duk wanda ya zauna gabanku, bayan kun tambaye shi ina za shi, ku tambaye shi me zai je gani, sannan ku bincika ƙarfe nawa abin yake nan.