Hatimin Jikana da Muka Kai Damagaram

Ku matso, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku, mai salula a hannu ya kife ta bisa cinya. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, jikata ce zaune gefena tana ɗaukar abin da bakina ya faɗa. Tun da muka dawo kuke tambaya me ya fitar da tsohuwa daga Gure, ba biki ba, ba jinya ba. To ga shi.

Mun tashi da asuba, ni da jikata, ta rungume jaka a ƙirji kamar mai goyon gaba. Na'urar yayanta ce a ciki, naɗe da zanena. Sai na fara gaya muku labarin na'urar, in ba haka ba tafiyar ba za ta yi muku ma'ana ba.

Yayan nata shi ne jikana na fari, sunan mijina aka sa masa, don haka Maigida nake ce masa har ya bar duniya. Da ya gama karatu ya shiga wata ƙungiya ta masu gina abin da suke kira manhaja, wato abin da ke sa na'ura ta yi aiki. Tasu ba a sayar da ita. Kowa ya ɗauka, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Ya ce mini, “Kaka, kamar rijiyar gayya ce, kowa ya sha, mai hali ya yi yasa.” Shi yasar da yake yi ita ce mayar da maganar na'urar Hausa da gyaran inda ta karkace. Kowane mai aiki yana da hatiminsa na ɓoye da yake bugawa bisa abin da ya aika, don a san daga hannun wa ya fito.

Zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar bara waccan. Yana kwance ya gaya wa ƙanwarsa kalmar da ke buɗe hatimin, ya ce ta ƙarasa masa wani aiki da ya bari rabi. Ta ƙarasa bayan sadakar arba'in, ta aika. Mutanen suka yi godiya, suka gaishe shi da sunansa, suka miƙo wani aikin. Ta yi. Suka ƙara. A wurinmu babu abin mamaki cikin wannan. In makiyayi ya rasu, dabbobinsa ba sa sake shaida. Alamar da ke jikinsu tana nan, danginsa su ci gaba da kora su. Ni kuwa kullum da la'asar nakan jawo tabarma in ce, “Me suka ce masa yau?” Ta karanta mini. Ina jin ana kiran sunansa daga garuruwan da ban san gabashinsu ba, sai in ji kamar ya tafi kiwo ne arewa.

Sai ga shi sun ce ya daɗe yana aiki mai kyau, ya kamata ya nemi zama cikakken ɗan ƙungiya, wanda ake ba amanar zuba aiki da hannunsa ba tare da an tsaya masa a ka ba. Sharaɗin shi ne manya biyu su gan shi ido da ido, su duba katinsa na ɗan ƙasa, su shaidi hatiminsa. Biyu daga cikinsu kuwa za su zo taro Damagaram. Jikata ta daina cin abinci. In ta ɓoye ta ƙi zuwa, aikin ya tsaya. In ta je, za su ga mace inda suke jiran namiji, suna iya korarta su zubar da duk abin da ta yi. Ubanta yana Alakos da raƙuma. Na ce, “Ni na rufe wa Maigida ido, ni zan je in faɗa.”

A tasha an cusa mu mota kamar buhunan gero. Wani bawan Allah ya ɗaure akuyarsa ƙarƙashin kujerata, ita kuwa ta ga gefen mayafina ya yi mata kama da harawa, muka yi ta ja-in-ja har Gidigir. Kwaltar wani wuri sumul, wani wuri direba ya sauka ya bi rairayi don ramukan sun fi hanyar yawa. Daga bisa tudu kana hango kwaruruka kore shar, goriba da dabino sun kewaye su, sai kuma fari fat har iyakar ido. A shingen jandarmomi aka ce kowa ya fito da kati. Jikata ta ciro nata, na ga na yayanta manne a bayansa. Ta yi sauri ta mayar.

Gidimuni muka tsaya direba ya sha shayi. 'Yan talla suka yanyame tagogi da rake da dabino da rogo. Raken ya yi tsada har na tambayi yarinyar ko da zuma aka yi masa ban ruwa, ta ce, “Iya, man injin ban ruwa ne ya hau.” Na saya duk da haka, na miƙa wa jikata, ta riƙe shi har Mirya ba ta kai baki ba. Kukokin Mirya kuwa suna nan yadda na bar su ina amarya, su ba su tsufa ba, ni na tsufa.

Damagaram ta tarbe mu da manyan duwatsunta da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki a kowane lungu. Jikata ta tsayar da kabu-kabu, na ce ƙafata ba za ta hau abin da ba ya iya tsayawa da kansa ba, aka nemo mana mai ƙafa uku. Wurin taron ɗaki ne mai faɗi, matasa cike, kowa ya sunkuya bisa na'urarsa kamar masu tsintar ƙwayar hatsi. Aka nuna mana manyan biyu: wani malami mai furfura a gemu daga Maraɗi, da wata malama siririya mai tabarau daga Yamai.

Jikata ta durƙusa ta gaishe su, ta ambaci sunan yayanta. Fuskar malamin ta washe.

“Kai, madalla! Ina ja'irin? Ko ya tsaya cin kilishi ya turo ku gaba? Na rantse yau sai na ja kunnensa, shekara nawa yana mini alkawarin cuku!”

Na ce, “Ɗana, zauna. Wanda kake jira ya riga mu gidan gaskiya, damina biyu ke nan. Ni ce kakarsa. Wannan ƙanwarsa ce, ita ke amsa muku.”

Malamin ya zauna. Ya cire hularsa ya riƙe, ya mayar, ya yi salati. Sannan ya ce, “To wa na yi ta zolaya da maganar cuku?”

“Ni ce, Malam,” in ji jikata. “Ban san yadda zan faɗa ba.”

Malamar ba ta ɗaga murya ba, amma maganarta ba ta da laushi. Ta yi mana gaisuwa tukuna, sannan ta ce hatimi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Mutane a ƙasashe da yawa suna sa abin nan cikin na'urorinsu ba tare da tsoro ba, don sun yarda wanda hatimi ya ce ya yi, shi ya yi. Na gaya mata al'adarmu ta shaidar dabbobi, don ta san ba da niyyar cuta aka yi ba. Ta saurara har na gama.

“Na yarda, Iya,” ta ce. “Amma ku a rijiya kuna ganin fuskar mai korar dabbar. Mu ba ma ganin kowa, hatimin ne fuskar.”

Gaskiya ta faɗa.

Suka koma gefe su biyu, muna zaune bisa benci. Aka kawo mana shinkafa a roba, ta huce a gabanmu. Da suka dawo malamar ta jera hukuncin. Ba za a karɓi jikata cikakkiyar 'yar ƙungiya yanzu ba. Duk aikin da ta aika bayan rasuwar za a sake duba shi, a gaya wa kowa wanda ya yi. Za ta sake nema da sunanta, daga ƙasa. Hatimin yayanta kuwa dole a rufe shi yau, da hannunta, yadda ba zai ƙara buɗuwa ba.

Jikata ta kwance zanen, ta buɗe na'urar. Ta yi ta dannawa har ta iso wurin, sai hannunta ya tsaya a sama.

Na ce, “Malama, in ta danna, sunansa zai goge?”

“Ba zai goge ba, Iya. Abin da ya yi da hannunsa yana nan da sunansa muddin manhajar tana raye. Sabon abu ne dai ba za a ƙara yi da shi ba.”

“To, ai haka kowane mamaci yake,” na ce. Na kama wuyan hannun jikata na ce, “Sallame shi, 'yar nan. Mun riƙe shi ya isa.” Ta yi bismilla ta danna. Babu ƙara, babu komai, wani ɗan layi ne kawai ya fito. Malamin ya ɗaga hannu ya yi addu'a, matasan da ke kusa suka bar na'urorinsu suka shafa tare da mu.

Daga nan aka taya ta yin nata hatimin. Malamar ta karɓi katinta, ta dubi hoton, ta dubi fuskar, ta sake duban hoton, ta shaida. Malamin ma ya shaida, ya ce, “Bashin cuku dai ya koma kanki.” Ranar nan na fara jin dariyar jikata tun rani.

Mun kwana gidan wata 'yar'uwa a unguwar Zango, da safe muka kamo hanya. Muna wuce Mirya salular jikata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Malamin ya sanar da ƙungiya, gaisuwar rasuwa ce ke shigowa daga ko'ina, wasu da harsunan da ita ma sai ta nemi fassara. Tana karanta mini, ina amsawa “amin” kamar suna zaune bisa tabarmata. Har muka ga tudun Gure ba su ƙare ba.

Abin da na koyo shi ne, waɗannan mutane da ke ba da aikinsu kyauta, abu ɗaya ne ba sa bayarwa aro, shi ne suna. Kuma ni da na yi zaton zan raka yarinya neman shiga ne, ashe jana'iza ce ta rage mini ban kai ba.

Malamin ya koma Maraɗi, cukunsa ya same shi ta hannun wani direba. Malamar tana Yamai tana bin aikin jikata ɗaya bayan ɗaya, an ce ba ta sassauta mata ko kaɗan. Ubanta ya dawo daga Alakos, ya ji labari, ya karɓi katin ɗansa ya adana. Jikata tana jira har yanzu, ba a ce an karɓe ta ba, ba a ce an ƙi ba, amma aikinta na farko da sunanta ya shiga makon jiya. Maigida yana makwancinsa, Allah ya haskaka masa. Ni kuwa da la'asar ina jawo tabarmata kamar da, in zauna gefenta, in ce, “Me suka ce miki yau?”