Wa Ya Taɓa Kifin Kawu?

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, na fito sharar tsakar gida na tarar da Ɗan Ja ya karkace a cikin ruwa. Shi ne babba cikin kifayen ado uku da Kawu Isa, ƙanen Umma, ya kawo mana daga Kano a akwatin gilashi, aka ɗora a rumfa, yaran unguwarmu a Dutse suka yi ta tururuwar zuwa kallo. Da safen nan fararen ɗigo sun feso masa kamar an barbaɗa gari, yana ta goga cikinsa a tsakuwa, ruwan kuma ya koma kamar na wankin gero.

Kafin a sauke koko zargi ya cika gidan. Umma ta ce baki ne, kuma ta san na wace ce: Iya Talatu maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana yaba kifin ba ta ce tubarkalla ba. Daga ranar aka daina miƙa mata kwanon tuwo ta katanga, 'ya'yanta in sun shigo wasan 'yar carafke sai a kora mu waje tare da su. Yaya Sani ya ɗora wa kyanwa laifin, ni kuma shi na sa wa ido, don ya taɓa cewa zai gwada ko kifi yana shan zoɓo. Inna kakarmu kaɗai ba ta zargi kowa ba, ita da kullum take cewa, "Kifin da ba ya shiga miya wahalar banza ne." Na zama mai gadi. Ina dawowa daga makaranta sai in ba awaki dusa a gurguje, in jawo turmi kusa da rumfa, ina surfe ina kallon hannun duk wanda ya gifta.

Da Kawu ya zo, ya sunsuna ruwan, ya tona tsakuwar da yatsa, sai ga ruɓaɓɓen tuwo da gutsattsarin ƙuli-ƙuli suna tasowa. Ya dubi Umma ya ce, "Yaya, wannan ba baki ba ne, wani ne yake ciyar da su a ɓoye." Ya ware Ɗan Ja a roba da ɗan gishiri, ya wanke tsakuwar, ya hana mu zuba ruwan famfo sai ya kwana a buɗe maganinsa ya fita. Ya nuna mini yadda zan riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan ina ƙara sabo, abinci kuma ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta.

Kowa ya rantse ba shi ba ne. Amma wata la'asar na leƙo daga ɗaki na ga Inna a sunkuye gaban gilashin, hannunta a dunƙule, bakinta yana motsi kamar mai rarrashin jariri. Muna haɗa ido ta miƙe ta ce carbinta take nema. Har ta bar duniya ba ta amsa cewa ita ce ba, ni ma ban ga abin da ke hannun ba. Ƙaramin cikin kifayen ya mutu, Ɗan Ja ya warke, Umma ta aike ni da tuwo gidan Iya Talatu. Ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta ƙara tsayawa a rumfarmu ba.

Yanzu 'ya'yana suna da nasu akwatin a falo, da injin da ke tace ruwa, ƙofar gida a kulle, ba mai shigowa kallo. In ruwan ya gurɓace na san injin ne, sai in tsaya ina dubansa. Ashe sai gida yana cike da mutane ake samun wanda za a zarga.