Jan Gashin Da Na Yaba

Ni mai kitso ce a Gummi, kuma a lokacin da abin nan ya faru babu wadda ta kai ni ji da kai a unguwarmu. A hannun Innata na koyi sana'ar, tun ina miƙa mata kibiya har na gaje ta. Ba iya kitson kaɗai nake taƙama da shi ba, har da sanin gashi. Da na ɗora hannu a kan mace zan gaya mata irin nata. Akwai mai tsauri da ke karya mataji, akwai mai cika wanda sai yatsu sun yi tsami kafin a gama tsaga, akwai mai santsi irin na matan Fulani masu kawo mana nono, wanda in ba a ja shi sosai ba kwana biyu ya warware. Har tsokanar mata nake yi, in ce wa wata nata kamar soson wanka, a yi ta dariya. Duk abin da na faɗa a kan gashi ya zauna. Akwai wani iri da sau ɗaya tak na taɓa kamawa: mai ja-ja, mai laushi kamar auduga, a kan wata amarya da aka ce kakarta Buzuwa ce. Na yi shekaru ina ba da labarinsa.

Sai wata mata ta zo daga wajen Zugu, 'yan bindiga sun tashe su, mijinta bai fito da rai ba. Ta zauna a wani kango kusa da gidanmu ita da ɗiyarta 'yar shekara uku, tana yi wa mutane surfe da wanke-wanke. Ana saura kwana biyu Sallah ta kawo mini yarinyar. Da ta cire mata ɗankwali sai da na yi salati. Ga shi nan, jan gashin nan mai laushi da na daɗe ina mafarkin sake kamawa.

Uwar ba ta yi murna ba. Ta ce da baƙin gashi mai kauri ta haife ta, tun da suka zo garin nan ne ya fara sauyawa. Ta ce kumatunta da ƙafafunta sun ɗan tasa, ba ta son abinci, ba ta wasa, wata ma ta ce ta kai ta asibiti. Sai ta tambaye ni, tunda ni na san gashi, ko akwai abin tsoro. Ban ma bari ta ƙarasa ba. Na ce gashin yaro sai bayan yaye yake nuna ainihinsa, ta bincika danginsu za ta sami jinin Buzaye. Na ce kumatun nan ƙiba ce, garinmu ne ya karɓe ta. Har na leƙa ta katanga na kira maƙwabta su zo su ga abin da ba a samu a kai dubu.

Ina taje shi yana biyo mataji, ba ƙanƙani ba. Yara sa'o'inta sai mutum biyu sun danne su kafin in gama layi ɗaya, amma ita ko motsi ba ta yi ba, idonta na kan ƙasa. Na yaba haƙurinta. Na dunƙule gashin da ya zube na ba uwar kamar yadda muka saba, don kada ya faɗa hannun da ba na kirki ba, na ce ta riƙa shafa mata man shanu. Na yi mata 'yar kalaba, suka tafi uwar tana murmushi.

Mako uku bayan haka fatar yarinyar ta fara saɓulewa. Maƙwabciyar da ta raka su asibiti ce ta kawo mini labari. Ta ce ma'aikaciyar lafiya ta ce tamowa ce, yunwar da kunu zalla ba ya kashewa, kuma jan gashin da kumburin su ne alamominta. Ta ce da an kawo ta tun gashin ya fara sauyawa, akwai abincin da suke ba irin waɗannan yara su tashi. Kwana biyu yarinyar ta yi a can ta cika. Matar da ta yi mata wanka ta ce da ta zo tsefe kalabar da na yi, kitson ne ya biyo hannunta.

Na je gaisuwa, na shirya wa zagi. Uwar ta kama hannuna ta ce ta gode. Ta ce tun da suka zo kowa kallon tausayi yake yi musu, ni kaɗai ce na taɓa cewa ɗiyarta tana da abin da 'ya'yan wasu ba su da shi. Na tashi na koma gida ban roƙi ta yafe mini ba. Bayan kwana arba'in ta koma wajen danginta a Anka, ban sake ganinta ba.

Har yanzu ina kitso, amma in aka zaunar mini da yarinya ƙafarta nake fara dubawa kafin kanta. In na taɓa gashi mai laushi sai in ji yatsuna sun mutu. Na san rai na Allah ne, amma na kuma san an tambaye ni, kuma na ba da amsar abin da ban sani ba, don kawai kada a ce akwai gashin da ya fi ƙarfin sanina.

'Yan uwana masu kitso, mu ne muke fara ganin kan yara kafin likita. In gashin yaro ya sauya launi, yana zuba, jikinsa ya kumbura, ku tura uwarsa asibiti a ranar. In an tambaye ku abin da ya wuce kitso, ku ce ba ku sani ba. Ni ban faɗa ba, kuma da matar nan zagina ta yi, wataƙila da tuni na sami sauƙi. Godiyarta ce har yau ta ƙi sakina.