Itacen Kabarin Kawu Namadi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Namadi na Kurya Madaro, bayan jinyar mako uku a Kaura Namoda. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina cikin aji ina koya wa yara darasin muhalli aka kira ni a waya. Na ajiye alli na fita, ban ko goge allon ba.

Kawu, abin da nake karanta wa yara daga littafi, kai a gona ka san shi. A garinmu, manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe ya share gonarsa fes, ya tara kututture da toho ya cinna musu wuta kafin ruwan shuka. Kai kaɗai ka ƙi. In ka tarar da kalgo ko marke ko gawo ya yi toho, sai ka zaɓi biyu masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran. Shekara talatin ana yi maka dariya. An ce ragwanci ne. Har a wurin ɗaurin aure an taɓa tsokanarka, wai a tambayi Namadi ko kura ta haihu a gonarsa. Ka yi murmushi ka ci goronka.

Ina yaro ka nuna mini cewa gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi inuwa, awaki su ci 'ya'yansa. Ka ce tsuntsun da ke kwana a kan itace shi ke cinye tsutsar gero, kuma inda babu fure babu zuma. Matan unguwa kuwa ba ka taɓa hana su itacen girki ba. Sharaɗinka ɗaya ne: "Ku ɗauki reshe, ku bar man uwa tai."

Ni ne ban ji ba. Shekara biyar da suka wuce na sayar wa masu gawayi da manyan itatuwa huɗu na gonar mahaifina, har da wani gawo. Washegari ka zo ka tsaya a kan kututturen gawon, ka daɗe kana kallona.

"Hayatu, mi yay yi maka?"

Na ce Kawu, matsi ne. Ka ce, "Na sani. Amma wata rana za ku nemi iccen ruhe kabari garin ga ku rasa." Na ɗauka faɗan tsufa ne. A daminar shekarar sau uku ina shuka, iska tana binne tsiron da yashi. Yanzu ruwa ya yanka rami a tsakiyar gonar, har jaki ba ya iya tsallakawa. Ba ka taɓa yi mini gori ba, ka dai aiko mini da dami biyar na gero.

Ba na zagin mutanen garinmu. Tun da 'yan bindiga suka raba mu da daji da gonakin nesa, magidanci ba shi da abin kamawa sai itacen da ke bakin gari. Da shi ake girki, shi ake ƙonawa a loda a babur zuwa Kasuwar Daji. Tsamiya ta tafi, kanya ta tafi, darbejiyar ƙofar gida ma an yi mata ƙwal. Rijiyar da muke ja da gaba shida, yau sai an ƙulla igiya biyu. Duk wanda ya taho daga hanyar Kaura, kore ɗaya zai hango, gonarka ce.

Ranar da muka kawo ka gida, masu haƙa sun gama kabari kafin azahar. Aka aika a nemo itacen da za a jera a kan ƙaramin ramin kafin a zuba ƙasa, kamar yadda muka gada. Aka zaga bayan gari, aka dawo da tumfafiya da 'yan tsirarun sabara waɗanda ba za su ɗauki nauyin ƙasa ba. Nesa kuwa ba mai iya shiga. Kana kwance cikin makara, jama'a na tsaye cikin rana, kowa ya sunkuyar da kai. Sai babban ɗanka Misbahu ya miƙo mini gatari ya ce, "Yaya Hayatu, mu tai gonar Baba."

Na hau marken da ka yi rainonsa tun yana kaurin yatsa. Na sari reshe tara, ban taɓa uwar ba. Ina sara ina kuka, don ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Waɗanda suka yi maka dariya su suka karɓi itacen suka jera maka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar sadakar uku na ga wani mai motar gawayi ya ja Misbahu gefe bayan ya yi gaisuwa, yana nuna wajen gonarka da baki. Misbahu kuwa bai kore shi ba. Iyalan Kawu, ku bakwai ne magada, na san halin da kowannenku yake ciki, kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya cancanci yi muku wa'azi. Amma ina roƙonku, kafin ku yanke shawara ku je ku dubi gonata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Balaraba, matar da ta zauna da kai shekara arba'in da shida, da Misbahu da Rahama da ƙannensu, da dukkan jama'ar Kurya Madaro. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa duk tsuntsun da ya ci daga itatuwanka ya zame maka sadaka mai gudana, Ya saka ka a inuwar Aljanna.

Bana ban sa wa gonata wuta ba. Na sami tohon kalgo uku a bakin ramin, na gyara su yadda ka koya mini. Ban sani ba ko za su yi kaurin rufe nawa kabarin kafin a zo nema.